Zaure, Baƙo da Waranti

Duk wanda ya taɓa sauka a Talata Mafara, ko Bakura, ko Maradun, ya san gidan mutumin ƙasar ba a faɗa masa kai tsaye. Da fari akwai zaure. Nan mai gida ya ke zama da abokansa, nan a ke cin tuwon dare, nan kuma a ke shimfiɗa wa baƙo tabarma. Bayan zaure akwai ƙofar gida da shigifa, sa'an nan cikin gida inda mata su ke. Namiji baligi wanda ba muharrami ba, iyakarsa zaure. In yana da magana sai ya tsaya ya yi sallama, ko ya aiki yaro. Baƙo kuwa, da zarar ya ajiye kayansa ya sha ruwan gidan, ya zama amana a wuyan mai masaukinsa. Shi ya sa a ke cewa baƙonka Annabinka.

To, amma wata rana a kan wayi gari hukuma ta aiko neman wannan baƙo. Nan hakki biyu su ke karo, hakkin wanda ya sauka da hakkin mai mulkin ƙasa. Mai gida ya miƙa shi, ya ci amana. Ya hana, ya ja da sarki. In kuma masu kamun suka ce sai sun wuce zaure sun duba har ɗakunan mata, to, magana ta ƙara girma. Tambayar nan tsohuwa ce a ƙasar Zamfara, kuma amsarta ta sāke sau da yawa cikin shekara 200 da suka wuce.

Shari'ar Musulunci ba ta bar ƙofa ba tsari ba. A cikin Suratun Nur an hana mutum shiga gidan da ba nasa ba sai ya nemi izini ya yi sallama, in an ce ya koma, ya koma. A cikin Suratul Hujurati an hana binciken asirin mutane. Malamai kuma suna ba da labarin Sayyidina Umar, wai wani dare yana kewaya Madina ya ji hayaniya a wani gida, ya haura katanga, ya iske mai gidan da giya a gabansa. Mutumin bai yi musu ba, sai ya ce shi laifi ɗaya ya yi, amma shugaban Musulmi ya yi uku: ya binciki asirinsa, ya shigo ta katanga ya bar ƙofa, ya kuma shigo ba sallama. Umar ya karɓi maganar, ya ƙyale shi bisa alkawarin zai bari. Kowane almajiri ya san wannan labari. Sai dai abin da ke cikin littafi dabam, abin da a ke yi ran da dawaki suka tsaya a ƙofar gari dabam.

A duba labarin Malam Abdussalami, Ba'are, ɗaya daga cikin manyan almajiran Shehu Usmanu. Ya tashi da mutanensa daga ƙasar Gobir ya zauna a Gimbana. Sarkin Gobir Yunfa ya aika ya komo, ya ƙi. A ƙarshen 1803 rundunar Gobir ta faɗa wa Gimbana, ta kama mutane da yawa, shi malamin ya tsira. Da aka biyo da kamammun ta kusa da Degel, sai jama'ar Shehu suka tare hanya suka kwance su. Yunfa ya aika wa Shehu ya ware iyalinsa ya fita, ya bar masa sauran. Watau dai an ce wa mai gida ya tsame hannunsa daga waɗanda suka fake da shi. Shehu ya ƙi rabuwa da jama'arsa, ya gwammace ya bar gidan baki ɗaya. Abin da ya kawo hijira zuwa Gudu ke nan cikin Fabrairu 1804, jihadi kuma ya biyo baya.

Abin mamakin duniya, bayan rasuwar Shehu a 1817 Abdussalamin nan ya saɓa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Cikin abubuwan da Bello ya riƙe shi da su har da hulɗa da maƙiyan daula da buɗe musu ƙofar garinsa Kware. Aka yi ta musayar takardu, ba a daidaita ba, aka kewaye Kware, aka ci ta a farkon 1818. Malamin ya fita da rauni, ya nufo Zamfara, ya rasu a Bakura. Mutumin da aka tayar da ƙasa saboda mutanensa ya ƙare yana neman wanda zai sauke shi.

A wancan zamani ba takarda ce ke tsare baƙo ba, ƙarfin mai masaukinsa ne. Wanda ya faɗa gidan babban malami ko basarake mai dawaki ya sami inuwa. Wanda ya faɗa gidan talaka, dogari ɗaya ya isa ya fito da shi, watakila ma ya haɗa da akuyar mai gidan. In kuwa gari ne sukutum ya ƙi umurni, ba sauran zancen zaure. Mutanen Mafara sun ga haka a 1891, sa'ad da rigima ta tashi tsakanin Sarkin Mafara da Sarkin Burmin Bakura a kan Birnin Tudu, Mafara ta ƙi bin hukuncin Sakkwato, Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda a ke yi wa laƙabi da Ɗanyen Kasko, ya zo da yaƙi ya murƙushe ta. Mai karatu ya riƙe sunan Birnin Tudu, zai sake fitowa.

Ko zuwan Turawa ma da maganar baƙo a cikinsa. Ran 3 ga Oktoba 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney, Razdan na wannan yanki, ya gudu Kano. Sarkin Kano Alu ya tarye shi da girmamawa, ya sauke shi. Gwamna Lugga ya sa wannan cikin manyan dalilansa na aika soja. Ba wanda zai ce don Magaji kaɗai aka zo, gama Turawa sun riga sun ƙudura cin ƙasar, amma saukar baƙon ta ba su hujjar da za su nuna wa manyansu a Ingila. Kano ta faɗi ran 3 ga Fabrairu 1903, Alu yana can ya tafi Sakkwato da baƙonsa. Rundunar Kano da ke komowa ta gamu da Turawa a Kwatarkwashi, nan cikin Zamfara. Sakkwato ta faɗi ran 15 ga Maris, Magaji kuma ya mutu tare da Sarkin Musulmi Attahiru a yaƙin Burmi ran 27 ga Yuli. Wannan Burmi ta gabas ce, can wajen Gwambe, kada a haɗa ta da sarautar Burmin Bakura.

Da ƙasa ta lafa aka kafa mulkin En'e. Mafara da Bakura da Maradun suka zama gundumomi ƙarƙashin En'e ta Sakkwato, Sarkin Mafara da Sarkin Burmi da Sarkin Kaya suna hakimai. Tun daga shekarun 1920 aka fara ware wasu daga cikin dogarai, ana koya musu fareti, ana ba su kaki, suka zama 'yan doka. 'Yan sandan Gwamnati kuwa, waɗanda aka haɗa na Kudu da na Arewa a 1930, ba safai a ke ganinsu a ƙauye ba, sun fi zama inda Turawa da jirgin ƙasa su ke. Saboda haka kamu a wannan ƙasa ya kan bi tsani. Alƙali ya ba da sammaci, muhuti ko ɗan doka ya kai wa hakimi, hakimi ya tura wa dagaci, dagaci ya kira mai unguwa, mai unguwa ya je ya yi sallama a zaure. Al'ada ce kuma wanda ya sauki baƙon da zai kwana biyu ya sanar da mai unguwa, domin in wani abu ya ɓace a gari, gidan mai baƙo a ke fara tambaya.

Tsarin nan yana da kyaunsa. Mai unguwa ya san mai gida, ya san matansa, watakila ma surukinsa ne, ba zai so a keta masa haddi ba. Yawanci a bakin zaure magana ta ke ƙarewa, a ce wa mai gida ya fito da mutumin, ya shiga da kansa ya fito da shi. Amma aibinsa ba ƙarami ba ne. Ba wata iyaka rubutacciya da talaka zai nuna ya ce an wuce nan. Kunya ce kawai ke tsare shi, ran da hakimi ya yi fushi kuwa kunya ba ta aiki. Da siyasa ta shigo bayan 1950 aka ga wannan a fili a wurare da yawa na Arewa: mutum ya sauki ɗan NEPU da ya zo lacca, gobe a kama baƙon, jibi a nemo wa mai masaukin laifi. Akwai kuma mugunyar ɗabi'ar nan ta kama wani a madadin wani. In an zo ba a iske wanda a ke nema ba, sai a tafi da mai gida, ko ƙanensa, ko ɗansa, a ce ya zauna sai mai laifi ya kawo kansa.

Rubutacciyar iyaka ta zo ne gab da samun mulkin kai. Ƙananan kabilu sun yi kukan manya za su danne su, aka naɗa kwamitin Willink a 1957, ya ba da shawara a rubuta hakkokin ɗan Adam a cikin tsarin mulki. Aka yi haka a 1959, ya kuma shiga tsarin mulkin 1960, inda sashe na 22 ya ce a girmama zaman iyalin mutum da gidansa da wasiƙunsa. Wannan hakki ya bi kowane tsarin mulki da aka yi daga baya, a na 1979 sashe na 34, a na 1999 da a ke aiki da shi yau sashe na 37. Sai dai tun farko an ɗaura masa sharaɗi. Tsarin mulki ya yarda a yi dokar da za ta rage wannan hakki saboda tsaron ƙasa, ko zaman lafiyar jama'a, ko tsare hakkin wasu, muddin dokar ta dace da hankali. Watau an rufe ƙofa, an kuma rataya mabuɗi a inda majalisa za ta iya ɗauka.

Dokar da ta faɗi yadda za a yi amfani da mabuɗin ta fito a lokaci guda. A 1958 Gwamnatin Sardauna ta gayyato masana shari'a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, tare da wani joji daga Pakistan, da Shettima Kashim Wazirin Borno, da Malam Musa babban alƙalin Bida, da wasu. Shawararsu ta haifi kundi biyu, na hukuncin laifuffuka da na hanyar bin shari'ar laifi, suka fara aiki ran 30 ga Satumba 1960, jajiberen mulkin kai. Kundi na biyun shi ya tsara maganar shiga gida. Wanda ke da ikon kama mutum, in yana da dalilin gaskata cewa mutumin yana cikin wani gida, yana iya shiga ya neme shi, ko da gidan ba na mutumin ba ne. Mai gida wajibi ne ya ba da hanya in an tambaye shi. In an tambaya ya hana, sa'an nan a ke iya fasa ƙofa. In kuwa bincike za a yi na kaya, sai a gaban mutum biyu masu mutunci daga maƙwabta, a rubuta abin da aka ɗauka. Mace ba mai laluba jikinta sai mace.

Akwai wata gaɓa da ta fi kowace dacewa da gidajen nan. In ɗakin da za a shiga na matar kulle ne, ba kuma ita a ke nema ba, dole a fara sanar da ita tana iya kaucewa, a ba ta sarari ta kauce, sa'an nan a shiga. Wani zai zaci a Kaduna aka ƙago wannan don Hausawa. A'a. An ɗauko shi daga dokar Sudan, ita kuma ta ɗauko daga dokar Indiya ta 1898, inda Turawa suka iske kulle tun kafin su san Arewa. Kullen matan Indiya ne ya kewayo ta Hartum ya zo ya tsare ɗakin matar Bakura.

Ka'idar a tambaya kafin a fasa ta fi wannan tsufa. Tana komawa ga wata shari'a da aka yi a Ingila a 1604, wadda a ke kira shari'ar Semayne. A nan alƙalai suka ce gidan mutum ganuwarsa ce, amma in maganar sarki ce ana iya fasawa, bayan ɗan aike ya faɗi abin da ya kawo shi ya roƙi a buɗe. Suka ƙara da cewa ganuwar ta masu gidan ce, ba ta wanda ya gudo ya ɓuya a ciki ba. Turawa ma ba su ba baƙo mafaka ba ke nan.

Amurka ce ta yi nisa a wannan hanya. Ran 15 ga Afrilu 1980 Kotun Ƙolinta ta yanke, a shari'ar Payton, cewa 'yan sanda ba za su shiga gidan mutum su kama shi ba sai da waranti, in ba ya yarda ba ko akwai gaggawa. Shekara guda bayan haka, a shari'ar Steagald, aka zo kan maganar baƙo sosai. Ma'aikata suna riƙe da warantin kama wani mai suna Lyons, suka ji yana wani gida a Atalanta, suka shiga. Ba su same shi ba, sai suka sami hodar ibilis, suka kai mai gidan ƙara. Kotu ta ce warantin kama Lyons alƙali ya ba da shi ne bayan ya auna laifin Lyons, ba wanda ya auna ko akwai dalilin shiga gidan Steagald. Don haka sai an koma wurin alƙali an karɓo waranti na biyu, na binciken wannan gida da sunansa. Hujjar alƙalan abin lura ce. Sun ce in takarda guda ta isa, to, da sunan mutum ɗaya ana iya bi gidajen abokansa duka, har suka tuna da wani lokaci da 'yan sandan Baltimo suka shiga gida wajen 300 suna neman mutum biyu. Amma fa mai gida aka tsare a nan, ba baƙon ba. Baƙon da a ke nema da waranti, ko a Amurka ba ya cewa gidan wani ya hana a taɓa shi.

Dokar Nijeriya ba ta neman waranti na biyu. Ta bar wa ɗan sanda ya auna da kansa ko yana da dalili, alƙali ya duba daga baya in an kai ƙara. Nan ne raunin ya ke, domin auna abu a tsakar dare da bindiga a hannu ba daidai ya ke da auna shi a gaban alƙali da rana ba.

A cikin watan nan na Afrilu 1980 da alƙalan Amurka ke maganar ƙofa guda, mutanen ƙasar Mafara suka ga abin da ya shafe zancen ƙofa gaba ɗaya. An gina madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato daga 1974 zuwa 1978, kamfanin Impresit na Italiya ya yi aikin. Ruwa ya ci garuruwa da gonaki, aka ta da mutanen Maradun zuwa sabon mazauni, aka karɓe gonakin wasu shekara da shekaru ana baje su don noman rani. Diyya ta yi jinkiri, wadda ta zo ma ba ta kai ba. Manoma suka tare hanyoyin aikin. A ƙarshen Afrilu aka aiko 'yan sandan kwantar da tarzoma, suka faɗa wa ƙauyuka, Birnin Tudu na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Aka harbi mutane, aka ƙone gidaje. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu 20 ne da 'yan kai, lissafin da wasu suka tattara ya kai 386. Lokacin nan mulkin farar hula ne, Shehu Shagari yana shugaban ƙasa, Shehu Kangiwa yana gwamnan Sakkwato, tsarin mulkin 1979 da sashensa na 34 bai cika wata bakwai da fara aiki ba. 'Yan doka na En'e kuwa an riga an narkar da su cikin 'yan sandan Nijeriya tun zamanin Janar Gowon, saboda haka waɗanda suka zo baƙi ne, ba su san mai unguwa ba, ba su jin kunyar kowa. Tsohuwar garkuwa ta tafi, sabuwar kuma ba ta tare kome ba a wannan rana.

An ƙirƙiri jihar Zamfara a 1996, garuruwan nan uku kowanne ya zama mazaunin sarki da ƙaramar hukuma. Maganar baƙo kuwa ta ƙara tsanani, tun da 'yan bindiga suka addabi ƙasar. Mai gida a yau yana tsoron wanda ya yi masa sallama da magariba, yana kuma tsoron waɗanda za su biyo sawunsa da asuba. Doka ta rarrabe tsakanin biyu. Wanda ya san mutum mai laifi ne, ko ana nemansa, ya ɓoye shi don kada a kama shi, ya yi laifi. Wanda ya ba matafiyi tuwo da tabarma bai san kome ba, bai yi ba.

Dokokin baya bayan nan sun ƙara wa mai gida wasu abubuwa. Dokar shari'ar laifuffuka ta Tarayya ta 2015 ta riƙe maganar matar kulle yadda ta ke, ta kuma hana kama wani a madadin wani ƙarara. Dokar 'yan sanda ta 2020, wadda ke aiki a kowace jiha, ta maimaita wannan hani a sashe na 36. Waranti kuwa ba kowace takarda mai hatimi ba ce. Dole ya zama a rubuce, da sa hannun alƙali ko majistare, da sunan wanda a ke nema ko siffarsa, da laifin da a ke tuhumarsa. Sammaci dabam ne, shi kira ne kawai mutum ya zo kotu ran kaza, ba ya ba kowa ikon shiga gida. Mutane da yawa sun buɗe ɗakunansu saboda an kaɗa musu sammaci a fuska, ba su iya karanta abin da ke ciki ba. Wanda ya yi yaƙi da jahilci ya iya haɗa baƙi yana iya roƙon a nuna masa, ya duba sunan, ya ce zai shiga ya kawar da mata tukuna. Doka ta yarda a yi kamu ko takardar ba ta hannu a lokacin, amma in wanda aka kama ya nema, sai an nuna masa ba da jinkiri ba.

Bayan kamu, sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a faɗa wa mutum dalili a rubuce cikin awa 24, da harshen da ya ke ji. A kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya in akwai kotun da ta isa jin maganar a cikin kilomita 40, in babu, kwana biyu, sai fa in laifin na hukuncin kisa ne. Wanda aka kama ba bisa doka ba, ko baƙon ne ko mai masaukinsa, yana da hakkin diyya da neman gafara a bainar jama'a daga hukumar da ta kama shi. Ba a caji ofis a ke neman wannan ba, Babbar Kotu a ke kai ƙara, ta Jiha ko ta Tarayya, dukansu kuwa suna zama a Gusau.